Yoyon iskar huhu da ya ƙi tsayawa: abin da bawul ɗin hanyar iska yake yi, da inda yake gazawa

A shekarar 2023 ƙungiyar likitocin ƙirji ta Birtaniya ta sabunta ƙa'idojinta kan cututtukan tantanin huhu. A ciki akwai wata gajeriyar magana da ta shafi mutumin da huhunsa ya huje, aka sa masa bututu a ƙirji, kwanaki suka shuɗe amma iska ba ta daina fita ba: idan jikinsa ba zai ɗauki tiyata ba, a duba yiwuwar toshe yoyon da jininsa, ko a bi ta cikin hanyar iska a yi masa aiki. Wannan hanya ta biyu, mafi yawan lokaci, dasa bawul ake nufi, wato ɗan ƙaramin murfi da ke barin iska ta fita amma ba ta shiga ba.

Sunan kansa yana rikita mutane, domin abubuwa uku ne ake kira bawul a asibiti. Akwai na zuciya, wanda ba ruwansa da wannan magana. Akwai na roba da ake ɗaurawa a ƙarshen bututun ƙirji daga waje. Sai kuma ɗan ƙaramin da bai kai ƙwayar gyaɗa girma ba, wanda ake zaunarwa a cikin reshen hanyar iska can cikin huhu. Shi ne abin dubawa a nan. Wasu sun san shi a matsayin maganin masu ciwon emfisima (ciwon da ke lalata jakunkunan iska na huhu), wasu kuma suna zaton faci ne da ake liƙa wa hujin. Na farkon gaskiya ne amma wani aiki ne daban. Na biyun kuskure ne, kuma daga wannan kuskuren ne yawancin tsammanin da ya wuce ƙima yake fitowa.

Ina iskar take fita?

Huhu ba a manne yake da haƙarƙari ba. Tantani biyu ne a tsakaninsu, ɗaya ya lulluɓe huhun, ɗaya ya shimfiɗu a jikin ƙirjin daga ciki, kuma ɗan ruwa kaɗan ne a tsakani don su riƙa zamewa a kan juna. Babu iska a wannan fili. Matsin da ke cikinsa ya gaza na iskar waje, shi ya sa huhu yake zama a buɗe yana bin ƙirji duk inda ya motsa. Da zarar huji ya samu a jikin huhu, iskar da aka shaƙa sai ta tsere ta taru a wannan fili, huhun ya sace kamar taya.

Maganin farko shi ne bututun ƙirji. Ana shigar da shi tsakanin haƙarƙari, yawanci ta gefe a ƙasan hammata, sai ya gangara cikin kwalba mai ruwa. Bakinsa na ƙasa yana nutse a ruwan da kimanin santimita 2. Iskar ƙirji tana iya tura ruwan ta fita, amma ta waje ba ta iya hawowa. Duk lokacin da iska ta fita sai a ga kumfa ta tashi, kamar dai yadda mai faci yake tsoma taya a ruwa don ya ga inda take yoyo. Muddin kwalbar tana kumfa, hujin bai rufe ba.

Yawancin irin wannan huji yana rufewa da kansa cikin kwana biyu ko uku. Idan kumfar ta wuce kwana 5 zuwa 7, likitoci suna kiransa yoyon da ya daɗe. Wani likitan tiyatar ƙirji ɗan Amurka, Robert Cerfolio, ya kasa yoyon gida huɗu gwargwadon lokacin da kumfar take tashi. Mafi sauƙi shi ne wanda ba a gani sai majiyyaci ya yi tari ko ya tura numfashi da ƙarfi. Sai wanda ake gani duk lokacin da ya fitar da numfashi. Sai na lokacin shaƙa, wanda aka fi samu ga wanda ke kan na'urar taimakon numfashi. Mafi tsanani shi ne wanda kumfa ba ta yankewa ko kaɗan. Asibitocin da ke da na'urar zamani ta auna yoyo ba sa dogara da ido, na'urar ce take rubuta mililita nawa na iska ke fita a minti ɗaya.

Akwai kuma bambanci a wurin da hujin yake, kuma wannan bambancin ne yake yanke hukunci kan ko bawul zai yi amfani. Hanyar iska tana farawa daga maƙogwaro ta rabu biyu, dama da hagu. Huhun dama yana da manyan ɓangarori uku, na hagu biyu, kuma kowane ɓangare ya sake rabuwa zuwa yankuna: goma a dama, takwas zuwa goma a hagu, kowanne da nasa reshe. Idan hujin yana can ƙarshe, a naman huhu inda ƙananan jakunkunan iska suke, to akwai lafiyayyen reshe a gabansa da za a iya tarewa. Idan kuwa babban reshe ne da kansa ya buɗe, misali ɗinkin kututturen da aka bari bayan an cire huhu guda ya warware, wannan wata matsala ce daban, mai haɗari sosai.

Abin da yake kawo shi, da abin da yake hana shi warkewa

Tiyatar huhu tana kan gaba: bayan an cire ɓangare ko yanki, wurin da aka yanka yakan ci gaba da yoyo. Sai huhun da ciwo ya riga ya cinye, kamar na mai emfisima wanda yawanci shan taba ke jawowa, inda jakunkunan iska suke narkewa su zama manyan bororo masu siririn bango da ke fashewa haka kawai. Tarin fuka yana yin kogo a huhu, kogon kuma yana iya ɓallewa zuwa cikin filin tantani. Haka nimoniya mai ruɓar da nama, da karayar haƙarƙari a haɗarin mota, da sara ko harbi, da matsin na'urar taimakon numfashi. A lokacin annobar korona an ga irin wannan yoyo da yawa a sashen masu tsananin jinya.

Me ya sa wani huji yake rufewa, wani ya ƙi? Rauni yana warkewa ne idan gefunansa suka haɗu suka zauna. Babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, kuma kowane numfashi yana tura iska ta cikin hujin ya sake buɗe shi. Idan an haɗa bututun da injin tsotsa, wanda aka saba saita shi tsakanin santimita 10 zuwa 20 na matsin ruwa, yana taimaka wa huhu ya buɗe, amma yana iya jan iska ta hujin ya hana shi rufewa. Wannan ya sa likitoci da yawa suke rage tsotson ko su kashe shi da zarar huhun ya tsaya. Idan kuma huhun bai buɗe ya taɓa bangon ƙirji ba, to babu abin da hujin zai jingina da shi ya manne. Rashin abinci mai gina jiki, ciwon suga da ba a kula da shi ba, magungunan sitiroyid da ƙwayoyin cuta duk suna ƙara jinkirta warkewa.

Zaman jira ma ba kyauta ba ne. Bututu hanya ce da ƙwayoyin cuta suke bi su shiga, kuma kwanaki suna ƙaruwa haɗarin taruwar mugunya a ƙirji yana ƙaruwa. Ciwon bututu yana hana tari mai kyau, majina ta taru, nimoniya ta biyo baya. Kwanciya tana kawo daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa. Wani lokaci iskar tana bi ta ƙarƙashin fata har wuya da fuska su kumbura, a taɓa a ji suna ƙara.

Hanyoyin da ake bi kafin a zo kan bawul

Ga wanda jikinsa ke da ƙwari, tiyata ce hanyar da aka fi amincewa da ita. Ƙa'idojin likitocin ƙirji na Amurka na 2001 sun ce a jira kwana huɗu, idan yoyon bai tsaya ba a duba batun tiyata, na Birtaniya na 2010 kuma suka ce a nemi shawarar likitan tiyata tsakanin kwana 3 zuwa 5. Yanzu an fi yin aikin ta ƙananan ƙofofi da kyamara: a yanke bororon da ya fashe, a ɗinke wurin, sannan a goge ko a cire tantanin bangon ƙirji don huhun ya manne da shi har abada.

Idan yoyon ƙarami ne kuma huhu a buɗe yake, ana iya cire kwalbar a ɗaura bawul ɗin waje, wanda Henry Heimlich ya ƙirƙiro a shekarun 1960. Roba ce lafaffiya a cikin ƙoƙon filastik, iska ta fita ba ta dawowa. Da shi majiyyaci yana iya tafiya, har ma a sallame shi yana zuwa dubawa.

Sai facin jini. Ana ɗebe mililita 50 zuwa 100 daga jijiyar majiyyacin, ba tare da maganin hana daskarewa ba, a tura shi nan take ta bututun ƙirji, a bi da ɗan ruwan gishiri na asibiti don kada bututun ya toshe. Ba a matse bututun. Ana rataye tsakiyarsa a kan sandar ƙarin ruwa sama da ƙirji na wasu sa'o'i, don jinin ya zauna a ciki iska kuma ta samu hanyar fita. Ba shi da tsada, kuma yana iya aiki ko da huhun bai gama buɗewa ba. Haɗarinsa zazzaɓi, mugunya, da gudan jini da zai toshe bututu. Akwai kuma zuba hodar talk ko wani magani da ke sa tantanin biyu su manne, amma wannan ba ya aiki sai sun riga sun taɓa juna.

Shi kansa bawul ɗin

Iri biyu aka fi sani. Na farko Spiration, na kamfanin Olympus, siffarsa kamar lema. Haƙarƙarin lemar na nitinol ne, wato gamin nikel da taitaniyom mai komawa siffarsa bayan an naɗe shi, an lulluɓe shi da siririyar leda, a ƙasansa kuma akwai ƙananan ƙugiyoyi da ke riƙe bangon reshe. Girmansa milimita 5, 6, 7 da 9. Lokacin shaƙa iska tana cika lemar ta manne da bango, hanya ta rufe. Lokacin fitar da numfashi gefunan lemar suna ɗan lanƙwashewa, iska da majina su zame su fito.

Na biyu Zephyr, na kamfanin Pulmonx. Raga ce ta nitinol da aka lulluɓe da silikon, a tsakiyarta akwai baki mai kama da na agwagwa, wanda yake buɗewa idan iska ta taso daga ciki ya rufe idan ta zo daga waje. Akwai wanda aka yi don reshe mai faɗin milimita 4 zuwa 7, da na milimita 5.5 zuwa 8.5. A Japan akwai wani abu mai kama da su, toshiyar silikon ta Watanabe, sai dai ita tana rufe hanya gaba ɗaya, ba shiga ba fita.

Babu ɗaya daga cikinsu da yake taɓa hujin. Likita ma ba ya ganin hujin, domin yana can nesa da inda na'urarsa take iya kaiwa. Abin da bawul yake yi shi ne yanke iskar da ke zuwa yankin da ya huje. Idan iska ta daina bi ta wurin, gefunan raunin sai su samu hutu su haɗe, yankin ya ɗan motse, sauran huhun ya buɗe ya cike gurbin. Jiki ne yake rufe hujin. Dalilin da ya sa aka bar masa hanyar fita kuwa shi ne majina, domin reshen da aka toshe ɗungurungum matattara ce ta ƙwayoyin cuta.

Yadda ake sa shi

Ana fara ɗaukar hoton CT na ƙirji don a san ɓangaren da ake zargi, a kuma ga ko tsagin da ya raba ɓangarorin huhu cikakke ne. Aikin kansa ana yin sa da buronkoskop, wato siririn bututu mai lanƙwasa da kyamara a bakinsa, wanda ake shigarwa ta baki ko hanci. Dole ya zama mai faffaɗar kafar aiki, wato ramin da ake zura kayan aiki ta cikinsa, milimita 2.6 ko 2.8 gwargwadon irin bawul ɗin. Yawanci ana sa majiyyaci barci gaba ɗaya, ko da yake wasu cibiyoyin suna yi da maganin kwantar da jiki kawai. Bututun ƙirji yana nan a wurinsa, kuma mutum ɗaya aikinsa kawai kallon kwalba.

Mafi wahalar mataki, wanda kuma ya fi cin lokaci, shi ne neman reshen da ke ciyar da hujin. Ana zura wata siririyar igiya mai balan-balan a bakinta. A hura shi a reshen ɓangare guda, a jira numfashi huɗu ko biyar, wani lokaci minti ɗaya ko biyu, domin iskar da ta riga ta taru a ƙirji sai ta gama fita kafin a ga canji. Wanda ya yi gaggawa a nan yakan wuce reshen da yake nema bai sani ba. Idan kumfa ta tsaya ko ta ragu sosai, an samu ɓangaren. Sai a sace balan-balan, a shiga rassan yankunan da ke cikinsa ɗaya bayan ɗaya, ana maimaita gwajin. Manufar ita ce a rufe mafi ƙarancin huhun da zai wadatar, domin duk yankin da aka rufe ya fita daga aikin numfashi. Gwajin balan-balan yana amsa wata tambaya ta biyu: idan iskar oksijin da ke jinin majiyyaci ta faɗi sosai lokacin da aka toshe wurin, to ba zai jure bawul a nan ba, kuma gara a sani kafin a dasa.

Idan balan-balan bai nuna komai ba, wasu suna zuba shuɗin rini na asibiti ta bututun ƙirji su duba reshen da zai ɓullo.

Sai awo. Ga Spiration ana auna faɗin reshe da balan-balan da aka riga aka gwada girmansa, ga Zephyr kuma akwai ƙananan fukafukai a jikin igiyar dasawa da ke nuna faɗin. Kuskuren awo yana da sakamako ta kowane gefe. Wanda ya yi ƙanƙanta iska za ta bi ta gefensa, kuma tari zai iya tumɓuke shi. Wanda ya yi girma ledarsa za ta naɗe ta bar kafa. Zurfi ma haka: idan aka tura shi ciki da yawa zai faɗa ƙaramin reshe ɗaya ya bar ɗan'uwansa a buɗe. Bayan an saki kowane bawul ana sake duba kwalba. Yawancin majiyyata suna buƙatar biyu zuwa uku. Ɓangaren sama na huhun dama, alal misali, rassa uku gare shi, don haka rufe shi duka yana cin uku ko fiye.

Ba kasafai kumfa take ɗaukewa baki ɗaya a ɗakin aiki ba, kuma wannan ba alamar gazawa ba ce. Idan yoyon da ba ya yankewa ya koma wanda sai an yi tari, an samu abin da ake nema. Daga nan ake rage tsotso, a koma kwalba zalla, a ɗauki hoton ƙirji, idan an yi kwana guda babu kumfa kuma huhu a buɗe yake a cire bututu. Bayan kimanin mako shida a sake shiga da buronkoskop, a kama bawul ɗin da hantsaki a fito da shi tare da na'urar.

Inda yake gazawa

Babban abin da ke kayar da wannan magani shi ne ƙofofin bayan gida na huhu. Tsakanin jakunkunan iska maƙwabta akwai ƙananan kafofi da ake kira kafofin Kohn, akwai kuma hanyoyin Lambert da ke haɗa ƙananan rassa da jakunkunan da ke kusa. A lafiyayyen huhu iskar da ke bi ta nan kaɗan ce. A huhun da emfisima ta lalata kuwa waɗannan kafofi sun faɗaɗa, har iska takan fi samun sauƙin bin su. Haka kuma mutane da yawa tsagin da ke tsakanin ɓangarorin huhunsu bai kai ƙarshe ba, sai iska ta ƙetara daga wannan ɓangare zuwa wancan. A irin wannan hali ana iya rufe reshen da ya dace daidai, amma hujin ya ci gaba da samun iska ta maƙwabta. Abin lura shi ne masu irin wannan huhu su ne waɗanda tiyata ta fi yi wa haɗari, wato waɗanda suka fi buƙatar bawul su ne kuma ya fi yiwuwa ya ƙi yi musu aiki.

Huji fiye da ɗaya a ɓangarori daban-daban shi ma yana hana a yi, domin ba za a rufe rabin huhun mai fama da numfashi ba. Buɗaɗɗen kututturen babban reshe ya fi ƙarfin bawul mafi girma, sai tiyata, sau da yawa da lulluɓa wurin da tsoka. Idan mugunya ta daɗe har ta yi wa huhu kauri kamar ɓawo, ko yoyon ya tsaya huhun ba zai buɗe ba sai an ɓare shi. Wanda jikinsa ba ya karɓar nikel kuwa ba a sa masa.

Matsalolin da ke biyo baya sun haɗa da zamewar bawul daga wurinsa ko fitowarsa da tari, nimoniya a bayansa, raguwar oksijin, ɗan jini a kaki, da tsirowar nama a kewayensa idan ya daɗe. Amfaninsa a nan shi ne ana iya cire shi, abin da ba zai yiwu ba bayan an yanke huhu ko an zuba talk.

Izini, hujja da saɓanin likitoci

A 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba Spiration izini don yoyon da ya daɗe, amma ta wata ƙofa ta musamman da aka tanada don cututtukan da ba su da yawa. Wannan ƙofa tana neman a nuna cewa na'ura ba ta da haɗarin da ya wuce ƙima kuma akwai yiwuwar amfani, ba ta neman cikakkiyar hujjar cewa tana aiki. Izinin ya taƙaita ga yoyon bayan tiyatar cire ɓangare, ko yanki, ko rage girman huhu, kuma ya ƙayyade cewa kada bawul ya wuce mako shida a jiki. Amfani da shi ga mai tarin fuka ko wanda bororonsa ya fashe yana wajen wannan iyaka, ko da yake likitoci suna yi. Cikakken izinin da Zephyr da Spiration suka samu a 2018 na maganin emfisima ne, inda ake barin bawul ɗin dindindin don ɓangaren da ya kumbura ya motse. Manyan gwaje-gwajen da aka yi don wancan aikin ba hujja ba ce ga yoyo.

Hujjar yoyo ta fi fitowa daga rahotannin jerin majiyyata. Wanda aka fi ambata shi ne na Travaline da abokan aikinsa a 2009, kan mutum 40 da aka sa wa Zephyr: yoyon ya tsaya cak ga 19, ya ragu ga 18. Masu aikin buronkoskop suna kafa hujja da irin wannan, suna ƙara da cewa majiyyatansu mutane ne da likitan tiyata ya riga ya ce ba zai taɓa ba, wasu sun yi makonni da bututu, wasu ba a iya sauke su daga na'urar numfashi saboda iskar da ake tura musu tana tserewa.

Masu taka-tsantsan suna da amsa mai nauyi. Yoyo da yawa yana tsayawa da kansa idan aka ba shi lokaci. Wani bincike daga Singafo a 1998 ya nuna cewa ko a cikin masu huhun da ciwo ya riga ya taɓa, kashi 61 cikin ɗari sun daina yoyo cikin kwana 7, kashi 79 cikin kwana 14. Idan aka dasa bawul a kwana na goma yoyo ya tsaya a na sha uku, ba a iya rantsewa cewa bawul ne ya yi, sai da rukunin da ba a sa wa ba don kwatantawa. Suna kuma nuni da cewa rahotanni da yawa suna ƙirga waɗanda aka dasa wa ne kawai, ban da waɗanda aka shiga aka kasa gano reshen aka fito.

Likitocin tiyata suna kallon gaba. Bawul yana iya tsayar da yoyon yau, amma bororon da ya fashe da 'yan'uwansa suna nan. Bayan tiyata, dawowar matsalar tana kusan kashi 1 cikin ɗari idan an buɗe ƙirji, kusan kashi 5 idan da kyamara aka yi. Idan aka auna maganganun uku, ba su ci karo sosai ba: ga saurayi mai ƙarfi tiyata ta fi, ga ƙaramin yoyo haƙuri ko facin jini, bawul kuma gurbinsa na gaskiya shi ne mai babban yoyo wanda tiyata za ta iya kashewa, kuma balan-balan ya nuna reshen a fili.

Abin da wannan yake nufi ga majiyyaci da masu jinyarsa

A Amurka ana maganar dala dubu biyu ko fiye kan bawul guda, ban da kuɗin aikin sawa da na cirewa. A ƙasashen da kwanan asibiti yake da tsada sosai kuma inshora ke biya, rage kwana goma na jinya yana iya mayar da kuɗin. Inda iyali ke biya daga aljihu lissafin yana juyewa, kuma facin jini da bawul ɗin Heimlich su ne suke kusa da hannu.

Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tarin fuka a duniya, don haka yoyon da ake gani a asibitocinta sau da yawa yana zuwa da kogo, da mugunya, da rama. A nan tushen magani shi ne shan magungunan tarin har wata shida ko abin da likita ya tsara, fitar da mugunyar, da abinci mai gina jiki. Bawul ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya.

Masu jinya suna da rawar da ta fi yadda ake zato. Kwalba ta zauna ƙasa da ƙirji koyaushe, a tsaye, ruwanta bai gaza layin da aka zana ba. Kada a taɓa matse ko lanƙwasa bututun da ke kumfa, ko da za a kai majiyyaci ɗaukar hoto ne, domin iskar za ta taru ta danne zuciya da ɗaya huhun cikin mintuna. Idan kumfa ta tsaya kwatsam numfashi kuma ya ƙara wuya, ko wuya ya fara kumbura, a kira ma'aikaciyar jinya nan take: toshewar bututu ta fi warkewa yiwuwa. Idan an kai kwana na biyar ana kumfa, ya dace a tambayi likita ko huhun ya buɗe a hoto, ko likitan tiyatar ƙirji ya gani, da kuma abin da aka shirya yi idan mako ya cika.

Waɗanda ke tunanin fita waje don wannan aiki su san abu biyu. Iskar da ta maƙale a ƙirji tana faɗaɗa da kusan kashi ɗaya cikin uku a cikin jirgin sama, don haka mai yoyo ba ya hawa jirgi sai da bututu mai aiki, da rakiyar ma'aikacin lafiya, da amincewar kamfanin jirgin. Ko bayan warkewa ana so a jira aƙalla mako guda daga ranar da hoto ya nuna huhu ya buɗe gaba ɗaya. Na biyu, aikin sau biyu ne. Kafin a baro asibitin da ya dasa, a karɓi takarda mai nuna irin bawul, girmansa, adadinsa da reshen da kowanne yake, a kuma tsayar da wanda zai cire su bayan mako shida da inda za a yi.